Ƙarfen da lantarki ke haifarwa: Abin da ya sa tukwanen ALSCON suka huce

A bakin Kogin Imo, a garin Ikot Abasi na Jihar Akwa Ibom, akwai wata masana'anta da rahotanni suka ce ta lashe kimanin dala biliyan 3.2. An gina ta ne domin ta riƙa fitar da tan 193,000 na alminiyum duk shekara. Sunanta ALSCON, kuma rabon da a kwashi narkakken ƙarfe daga tukwanenta tun shekarar 2013.

Duk lokacin da zancenta ya taso, abin da ake ambata shi ne cefanarwa, da shari'a, da taƙaddamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin wani kamfanin Rasha da wani na Amurka. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ya girme su, wanda ke cikin tukunyar kanta. Alminiyum yana cikin jerin ƙarafan da ba a samun su sai an narkar da gishiri, an ratsa shi da wutar lantarki mai ƙarfin gaske, dare da rana, ba tare da yankewa ba. Wanda ya fahimci yadda wannan aiki yake, zai gane abin da ya faru a Ikot Abasi, zai kuma san tambayar da ya kamata ya yi idan ya ji ana alƙawarin sarrafa ma'adinan Najeriya a cikin gida.

Ƙarfen da ya gagari maƙera

Narkar da ƙarfe ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono matoyan tama da suka haura shekara dubu biyu. Dabarar magabata ita ce a haɗa tama da gawayi, a zuga wuta. A cikin tama, baƙin ƙarfe yana ɗaure ne da iskar oksijin. Idan wuta ta yi zafi, sai gawayi ya fizge oksijin ɗin, ya bar ƙarfe. Har yau manyan masana'antun ƙarfe na duniya a kan wannan tushe suke aiki.

Alminiyum ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, domin ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Yana cikin yumɓun da ake gina tukwane, yana cikin alif ɗin da ake jefawa a randa domin ruwa ya kwanta, kuma daga sunan alif ɗin a Latin aka samo sunansa. Duk da haka, ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana taka shi bai taɓa ganin sa ba. Dalili kuwa shi ne riƙon da alminiyum ya yi wa oksijin ya fi ƙarfin gawayi a irin zafin da matoya ke iya kaiwa. Haka sodiyam yake, haka fotasiyam, da kalsiyam, da maganiziyam, da litiyam. Dukkansu ba a samun su tsura a ƙasa, kuma zuga-zugi ba ya fito da su.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a shekarar 1800, lokacin da Alessandro Volta na Italiya ya haɗa batir na farko. A 1807, Humphry Davy ya ratsa narkakken sinadarin toka da wutar batir a ɗakin bincikensa na birnin Landan, sai ga wasu 'yan ƙwallaye masu sheƙi sun bayyana, wasu na kamawa da wuta nan take. Fotasiyam ke nan. Bayan 'yan kwanaki ya fito da sodiyam ta wannan hanya. Almajirinsa, Michael Faraday, shi ya zo daga baya ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafin aikin a shekarun 1833 da 1834.

Me ya sa sai an narkar da gishiri?

A bakin masana kimiyyar sinadarai, kalmar gishiri ta wuce wanda ake sa wa miya. Kanwa gishiri ce, alif ma gishiri ne. Duk wani abu da ya ƙunshi ƙwayoyi iri biyu masu caji, ɗaya mai cajin ƙari, ɗaya mai cajin ragi, suna riƙe da juna kamar maganaɗisu, ana kiran sa gishiri. A gishirin miya, ƙwayoyin sodiyam ne ke ɗauke da cajin ƙari, na kulorin kuma ke ɗauke da cajin ragi.

Muddin gishiri yana daskare, ƙwayoyin nan a kafe suke, babu mai motsi, saboda haka lantarki ba ya ratsa shi. Idan ya narke, sai su sami sarari. A nan ne ake tsoma sanduna biyu da ke haɗe da wuta mai gudu ta fuska ɗaya, irin ta batir. Ƙwayoyin ƙarfe sai su yi tururuwa zuwa sanda mai cajin ragi, wanda ake kira katod, su karɓi ilektiron da suka rasa, su koma ƙarfe tsantsa. Abokan zamansu kuma su nufi ɗaya sandan, wato anod, su sauke nasu ilektiron, su fita a matsayin iska. Wannan rabuwa da lantarki ke haddasawa ita ake kira ilektirolisis.

Mai karatu na iya tambaya: tun da gishiri na narkewa a ruwa, me ya kai mutum ga wahalar dafa shi? Amsar ita ce ruwa ba ya zama ɗan kallo. Idan aka ratsa ruwan gishiri da lantarki, ruwan ne ke riga sodiyam karɓar ilektiron, sai iskar haidurojin ta fito a madadin ƙarfe. Tagulla da tutiya ana iya ciro su daga cikin ruwa, amma waɗannan ƙarafa masu zafin nama dole sai an raba su da ruwa gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne a mai da gishirin kansa ruwa ta hanyar zafi.

Gishirin miya yana narkewa ne a digiri 801 na ma'aunin Salshiyas. A tukunyar da James Downs ya yi wa rajista a Amurka a 1924, ana gauraya shi da gishirin kalsiyam domin ya narke a wajen digiri 600. Narkakken sodiyam yana tasowa sama ta gefe guda, iskar kulorin na fita ta ɗaya gefen, an kuma gitta raga a tsakani domin kada su sake haɗuwa. Da irin wannan dabara ake samun ƙarfen litiyam, daga haɗin gishirinsa da na fotasiyam a wajen digiri 450, haka ma niyodimiyam da ake yin maganaɗisun injinan motoci masu lantarki da shi. Amma a cikinsu duka, babu wanda ya kai alminiyum yawa da tasiri.

Samari biyu, shekara guda

Kafin 1886, alminiyum kayan sarakuna ne. Henri Sainte-Claire Deville na Faransa ya samo hanyar fito da shi da taimakon sodiyam a 1854, amma sodiyam ɗin kansa tsada gare shi. A baje kolin birnin Paris na 1855, an nuna sandunan alminiyum a matsayin abin al'ajabi. A 1884, da Amurkawa suka kammala dogon ginin tunawa da George Washington, sun ɗora masa ɗan ƙaramin kambi na alminiyum wanda bai kai kilo uku ba, kuma a lokacin abin alfahari ne.

Matsalar ita ce alumina, wato farin garin da alminiyum ke ciki ɗaure da oksijin, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Babu tukunyar da za ta jure wannan a masana'anta. A ranar 23 ga Fabrairun 1886, wani matashi mai shekara 22, Charles Martin Hall, wanda ke gwaje-gwajensa a rumfar itace a bayan gidansu da ke Oberlin a Jihar Ohayo, tare da taimakon yayarsa Julia, ya gano mafita. Akwai wani farin dutse mai suna kiryolait da ke narkewa a wajen digiri 1,000, kuma idan ya narke, alumina na bajewa a cikinsa kamar yadda sukari ke bajewa a shayi. Da ya ratsa wannan haɗi da lantarki, sai ya tarar da ƙwallayen alminiyum a gindin tukunya.

A watan Afrilun wannan shekara, Paul Héroult ya yi wa irin wannan dabara rajista a Faransa, ba tare da ɗayansu ya san da ɗaya ba. An haifi su biyun a 1863, sun kuma rasu a 1914. Shekara biyu bayan gano dabarar, Carl Josef Bayer ɗan Ostiriya ya samo hanya mai sauƙi ta tace alumina daga jan dutsen boksait. Kamfanin da Hall ya taimaka aka kafa a Pittsburgh a 1888 shi ne ya zama Alcoa. Shekara kusan 140 ke nan, kuma har yau duk wani sabon alminiyum da ake sayarwa a kasuwar duniya daga tukunyar Hall da Héroult yake fitowa. Kiryolait ɗin asali daga mahaƙar Ivittuut ta Girinland ake samo shi. An rufe ta a 1987, yanzu haɗa shi ake yi a masana'anta.

Cikin tukunyar

Tukunyar narka alminiyum wani dogon akwati ne na baƙin ƙarfe da aka shimfiɗe cikinsa da tubalan kabon. Shimfiɗar ita ce katod. Daga sama kuma an rataye wasu manyan tubalan kabon da aka yi da dusar man fetur da kwalta, su ne anod. A tsakani akwai narkakken kiryolait mai zafin kimanin digiri 950, wanda ake barbaɗa wa alumina kaɗan-kaɗan. Alminiyum ya fi ruwan gishirin nauyi, saboda haka sai ya kwanta a ƙasa, a riƙa zuƙe shi da bututu. Oksijin kuma sai ya hau kan tubalan anod yana cin su, yana fita a matsayin hayaƙin kabon. Duk tan guda na alminiyum yana cinye sama da kilo 400 na kabon, shi ya sa ake sauya tubalan bayan 'yan makonni.

Ƙarfin turin wutar da kowace tukunya ke buƙata bai taka kara ya karya ba, bolt huɗu zuwa biyar ne, bai kai na batirin mota ba. Yawan wutar da ke kwarara ne abin tsoro. Kowace ƙwayar zarra ta alminiyum tana neman ilektiron uku, kuma bisa lissafin Faraday, amfiya ɗaya da ta yi sa'a guda tana gudu ba ta bayar da abin da ya wuce sulusin giram. Babu wayo ko sabuwar fasaha da za ta sauya wannan adadi. Saboda haka tukwanen zamani ke jan amfiya 300,000 zuwa sama da 500,000, ana kuma jera su ɗaruruwa a layi guda, wuta na fita daga wannan ta shiga waccan, a cikin zaure mai tsawon kusan kilomita.

A dunƙule, tan huɗu zuwa biyar na boksait na bayar da tan biyu na alumina, su kuma su bayar da tan guda na ƙarfe. Wutar da wannan tan guda ke sha ta kai kimanin yunit 14,000, irin yunit ɗin da magidanci ke saya ya ɗura a mita. Ma'ana, kowane kilo yunit 14 ne. A watan Afrilun 2024, lokacin da aka mayar da farashin masu rukunin A naira 225 a kan yunit, wutar kilo guda kaɗai za ta kama naira 3,150. A wannan wata kilon alminiyum a kasuwar duniya yana wajen dala biyu da rabi, abin da bai wuce naira 3,500 ba a canjin lokacin. Ba a yi maganar kuɗin alumina ba, balle kabon da albashi. Wannan ne ya sa babu masana'antar alminiyum da ke rayuwa a kan farashin da ake sayar wa gidaje.

Araha kaɗai ba ta wadatar ba, sai wutar ta kasance ba ta yankewa. Ba a hura wa tukunyar wuta daga waje, lantarkin da ke ratsa ta shi ne ke riƙe da zafinta. Idan ya ɗauke na 'yan sa'o'i, gishirin da ƙarfen sai su daskare su zama dutse, kuma tun da tukwanen a jere suke, layi guda ne ke mutuwa baki ɗaya. Farfaɗo da su sai da injin fasa dutse, da watanni, da maƙudan kuɗi. A watan Disambar 2016, ɗaukewar wuta ta sa'o'i biyar da ɗoriya ta kashe fiye da rabin ƙarfin masana'antar Portland da ke Ostireliya. A watan Maris na 2019, duhun da ya mamaye Benezuwela ya ƙarasa kashe 'yan tukwanen da suka rage wa masana'antun ƙasar.

Alminiyum na bin wuta

Wannan ne ya tsara taswirar alminiyum a duniya. Gini ce ta fi kowace ƙasa arzikin boksait, amma ba ta narka alminiyum, galibin dutsenta a jirgin ruwa yake fita. Aisland ba ta haƙar boksait ko kaɗan, amma tana da masana'antu uku saboda wutar ruwa da ta zafin ƙarƙashin ƙasa. Bahrain da Dubai sun kafa nasu a kan iskar gas. Masar ta gina tata a Naga Hammadi a kan wutar madatsar Aswan. Sin, wadda ke samar da fiye da rabin tan miliyan 70 da duniya ke narkawa a shekara, ta dogara ne galibi a kan kwal.

Maƙwabtanmu sun riga mu ɗanɗana wannan. Kamaru ta buɗe masana'antar Alucam a Edéa a 1957, a gefen madatsar Kogin Sanaga. A Gana, Kwame Nkrumah ya sami kuɗin gina madatsar Akosombo ne saboda kamfanonin Kaiser da Reynolds na Amurka sun amince su kafa masana'antar VALCO a Tema, su riƙa sayen kaso mai tsoka na wutar a farashi mai rahusa. VALCO ta fara aiki a 1967, tana shigo da alumina daga ƙetare, alhali ana haƙar boksait a Awaso ana fitar da shi ɗanye. Da fari ya janye ruwan tafkin Bolta a farkon shekarun 1980, sai aka kashe tukwanen. Aka sake kashe su a 2003. Daga nan Kaiser ta sayar wa gwamnatin Gana kasonta ta tafi. Duk lokacin da ruwa ya yi ƙasa, gwamnati kan tsinci kanta tsakanin hasken gidaje da zafin tukwane.

Ikot Abasi

Hikimar kafa ALSCON a 1989 ba ta da aibu a takarda. Najeriya na ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta, alminiyum kuma hanya ce ta mayar da gas ɗin abin da za a loda a jirgi a sayar. Gwamnatin Tarayya ta riƙe kashi 70, Ferrostaal na Jamus kashi 20, Reynolds kashi 10. An gina wa masana'antar tashar lantarki tata ta kanta mai ƙarfin megawat 540, domin idan aka lissafa tan 193,000 a kan yunit 14,000, tukwanen kaɗai na buƙatar sama da megawat 300 a kowane lokaci. Babbar hanyar wuta ta ƙasa, wadda ke rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, kuma take durƙushewa sau da dama a shekara, ba abin jingina ba ce ga tukunyar da sa'o'i kaɗan ke kashewa.

An fara narka ƙarfe a ƙarshen 1997, aka tsaya a tsakiyar 1999. A 2004 Hukumar Cefanar da Kadarorin Gwamnati, BPE, ta sa masana'antar a kasuwa. Kamfanin BFIG na Amurka ya yi tayin dala miliyan 410, ya yi nasara, amma hukumar ta soke cinikin bisa cewa bai biya kafin alƙalami a kan lokaci ba. A 2007 aka miƙa wa RUSAL na Rasha kashi 77.5 a kan dala miliyan 250, aka koma aiki a 2008. A watan Yulin 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya bai wa BFIG gaskiya. A 2013 RUSAL ta dakatar da narka ƙarfe, tana kafa hujja da rashin tabbataccen gas da kuma asarar da take tafkawa.

A duk tsawon wannan tarihi, masana'antar ba ta taɓa kaiwa ga adadin da aka gina ta dominsa ba. Tasharta ta lantarki ta kuɓutar da ita daga babbar hanyar wuta, amma ta ɗaure ta da bututun gas, kuma duk ranar da bututun ya sami matsala ko aka fasa shi, tukwane ne ke shiga haɗari. Shari'ar mallaka ta ƙara dagula lamarin, domin babu mai zuba kuɗin farfaɗo da ɗaruruwan tukwane a kan kadarar da bai tabbata tasa ba ce.

Abin da ya rage a hannunmu

Kamfanonin da ke yin kwanon rufi, da tagogi, da wayoyin lantarki a Najeriya suna dogara ne a kan alminiyum na ƙetare da kuma tsohon da aka sake narkawa. A nan ne 'yan gwangwan da masu zubin tukwanen dalma suke da matsayin da ba a cika lura da shi ba. Alminiyum da aka riga aka raba da oksijin yana narkewa a digiri 660, zafin da gawayi da zuga-zugi ke iya kaiwa. Sake narka shi na cin kimanin kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da sabo ke ci. Duk gwangwanin lemo da tsohon fistin mota da maƙeri ya zuba a ƙasa ya fito da tukunya, wutar wata madatsa ce ta wata ƙasa yake mora. Duk tarkacen da aka loda aka fitar waje kuma, wannan wuta ce aka sayar da araha.

Hanyar Hall da Héroult na da nata illolin. Hayaƙin kabon da na fulorin suna fita daga tukwane, matatun alumina kuma na tara jan laka mai guba, irin wanda ya ɓalle a Ajka ta ƙasar Hangari a watan Oktoban 2010 ya hallaka mutum goma. Tun 2018 Alcoa da Rio Tinto suka haɗa gwiwa a Kanada a kan anod da ba ya ƙonewa, wanda zai riƙa fitar da oksijin a madadin hayaƙi. Ko wannan ya yi nasara, buƙatar lantarki ba za ta ragu ba, domin kabon da ke ƙonewa a yanzu yana ɗauke wa lantarki wani ɓangare na aikin.

A 'yan shekarun nan ana ta maganar litiyam a Nasarawa, da Kaduna, da Kwara, da kuma manufar hana fitar da ma'adinai ɗanye. Manufar tana da kyau, amma sarrafawa hawa-hawa ce. Niƙa dutse da wanke shi mataki ne na farko. Mayar da shi sinadarin da ake zubawa a batir mataki ne na biyu. Fito da ƙarfe tsantsa daga narkakken gishiri shi ne na ƙarshe, kuma kowane hawa ya fi na ƙasansa cin wuta da ƙin yankewa. A tsaunin Mambilla na Jihar Taraba akwai boksait, a can ne kuma aka yi shekaru da dama ana alƙawarin madatsar megawat 3,050 da har yau ba a gina ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka idan aka sake sanar da ranar farfaɗo da ALSCON, ko aka aza harsashin wata sabuwar masana'antar sarrafa ma'adinai, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa kafin a yi tafi: megawat nawa take buƙata, daga ina za su fito kuma a kan nawa, sannan wa zai biya diyya a ranar da wuta ta ɗauke tukwane suka daskare?